Littafin Iya Risi

Ran ɗaya ga wata saƙon Baffa ya shigo,
waya ta motsa a aljihu ana tsakiyar lacca.
Da dare, bisa katifata a Akoka,
na juya tsohuwar takardar jarrabawa na kasafta:
ga na danfo, ga na garin kwaki,
ga na littafin malamin da ba ya yafiya.
Biro ya rantse za su kai talatin.

Ran sha ɗaya biro ya yi kaffara.
Ruwa ya shanye titin Bariga,
kwandasta ya ninka kuɗin mota,
takalmina ya wage baki.

Iya Risi mai shinkafa ba ta jin Hausa,
amma ta iya rubuta Tanimu
a littafinta mai tabon manja.
Sunana ya yi 'ya'ya a ƙarƙashinsa, har shida.

Sallau ya nuna min manhajar rance:
minti biyar, ba shaida, ba jingina.
Shi ne makon jiya suka tura wa gyatumarsa hotonsa
can Funtuwa, an rubuta ɓarawo.
Na mayar da wayata aljihu.

Asabar na koya wa yaran wani ɗan canji lissafi.
Dubu uku.
Daga Yaba na tako a ƙasa don su isa cif.
Iya ta lashi yatsa, ta nemo shafina,
ta soke layi biyu, saura huɗu.
Ta dubi takalmina,
ta ƙara min ganda guda,
ba ta rubuta ba.