Talatin da Ɗaya

Aikina tuƙi ne, na Gobnait kuwa baki.
Ni na san kwana-kwanan hanya, ita ta san shekaru.
Da sassafe a Kilkenny muka ɗebi talatin da biyu,
kowa da laima, kowa da waya a tafi,
yayyafi yana yi musu maraba
irin ta ƙasarmu, wadda ba ta sallama.

A Cahir na kashe mota, na buɗe gorar shayi.
Ta gilashi nake kallonsu, jere kamar agwagi,
suna bin jar laimarta a bakin kogin Suir.
Ba sai na shiga ba, na haddace karatun:
ga harsashin igwa maƙale a bango,
ga ramin da ake sako wa maƙiyi dutse daga sama,
ga matakala murɗaɗɗiya kamar igiyar guga,
ku dafa bango, ku sunkuyar da kai,
mutanen dā gajeru ne, ko kuma ba sa son baƙi.
A nan ake dariya. Kullum a nan.
Shekara sha tara ke nan,
hankakin hasumiya ma sun san inda za su yi shiru.

Mun tsaya cin abinci a wani ƙauye mai titi ɗaya,
miyar ganye, burodi mai nauyi, man shanu.
Da aka koma mota Gobnait ta bi layi
tana dangwalar iska da yatsa.
Talatin da ɗaya.
Ta sake daga baya. Talatin da ɗaya.
A kujera ta bakwai ga hula, babu kai.

Dattijon nan ne, Malachy Tuohy,
da ya taso tun daga Perth da sanda da jaka guda,
bai ɗauki hoto ko ɗaya ba tun Litinin,
fadoji huɗu ya wuce kamar mai wuce rumbun wani.

Na bi bayan coci, na gangara lungu,
laka tana neman ƙwace mini takalmi.
Can na same shi, bayan ƙyauren gona,
cikin kango mai bango uku, sama ce rufinsa.
Ƙaya ta cinye taga.
Tunkiya tana kwance a bakin murhu kamar ta gada.

Bai waiwayo ba.
Ya ce, nan uwata take tafasa dankali,
mu tara, ɗaki biyu.
Ta wannan ƙofa na fita da akwatin kwali,
ina ɗan sha bakwai,
na ce mata zan dawo kafin Kirsimeti.
Ya shafa dutsen da yatsa. Ban faɗa mata wacce ba.

Sai ga jar laima, sai ga ayarin duka,
suna ɗaga ƙafa, suna riƙe da juna.
Gobnait ta buɗe baki, ba ta da shekarar wannan gida.
Ta naɗe laimar, ruwa ya sauka a kanta.
Wata yarinya mai gilashi ta ce, wa ya gina shi?
Ya ce, babana da ƙanensa,
da jaki ɗaya, shi ma na aro.

Ba wanda ya yi dariya. Ba wanda ya ɗaga waya.

Mun isa Cashel an rufe ƙofa,
fadar tana can bisa dutse, baƙa, tana kallon yamma.
Ta saba jira, za ta kai gobe.
Gobnait ta ƙirga, talatin da biyu.

Na ga ya sa ɗan dutse a aljihu, ban ce komai ba.
Amma a hawan tudun nan na bayan gari,
inda kullum nake wucewa da giya ta uku,
yau sai da na sauko ta biyu.