Zobe Mai Jan Dutse

Shekara goma sha ɗaya ina leƙen jini a Azare,
ido ɗaya a rufe, ɗaya a bakin madubi.
In an ɗauke wuta, in ja tebur zuwa taga,
rana ta ara mini haske, in mayar mata da la'asar.
Na san ƙwayar zazzaɓi
kamar yadda uwa ke gane tarin ɗanta cikin yara arba'in.

Yau ga ni a Buffalo, can ƙarƙashin asibiti,
ina tura keken kwalabe daga lif zuwa lif.
Jinin mutane na kaɗawa a gabana,
doka ta ce: ɗauki, kai, ajiye.
Kada ki buɗe.

Hukuma na son takardun makaranta,
ba daga hannuna ba, daga can, a liƙe, da hatimi.
Magatakardan da ya san ni ya yi ritaya, yana noman riɗi.
Kabad ɗin da fayil ɗina yake
gara ta yi karatu a ciki har ta sauke.
Ƙanena Ɗanjuma ya yi sawu bakwai a babur,
kullum a ce masa mai makulli ya tafi jana'iza.

Sai kuma awowi.
Awa nawa a sashen jini, nawa a na ƙwayoyin cuta?
Wa ke ƙirga awa a watan Agusta,
layi ya kai gindin darbejiya, uwaye na fifita da mayafi?

Daren Talata, ƙarfe uku,
Kendra, wata takwas da karɓar lasisi,
ta daɗe a kan madubi, ƙafarta na rawa.
Yaro ne, an kai shi ganin kaka a Kumasi, ya dawo yana ƙuna.
Ta ce, Barira, zo mana.
Na cire safar hannu, na sunkuya.
Ga shi nan, tsohon maƙwabcina:
siririn zobe mai jan dutse, biyu a ɗaki ɗaya.
Na faɗi sunansa.
Ta kira likita, ta sa hannu, haruffa biyu, nata.
Na koma ga kekena.

A bas ina tafasa, dusar ƙanƙara ba ta huce ni ba.
Sai Gwaggo Saude ta zo ta zauna kusa da ni,
ita da ta rasu tun ina aji uku.
Wani shago ne bayan tasha, an rubuta gwajin jini da shuɗin fenti.
Yaron ciki ya ari farar rigar yayansa,
ya duba, ya faɗi rukuninta da ƙarfin zuciya.
Leda ɗaya aka ɗaura mata.
Ba ta ga asuba ba.
Babu wanda ya ce da shi, ina takardarka?

Shi ma, na sani, ya yarda da idonsa.

Wanda ke kwance a hawa na shida bai san Azare ba,
bai ga tagata ba, bai ga layin ba.
Hannu kawai ya miƙa, ya kau da kai daga allura.
Hatimin nan da nake zagi
shi ne shaidar da ke tsaya masa yana barci.

Yanzu ina kan teburin kicin, shayi ya yi fata,
tambaya ɗari na jirana, awa biyu da rabi.
Shafi na ɗari biyu da goma sha huɗu ya dakatar da ni:
ashe a ƙasar nan akwai wata ƙwaya, kaska ke kawo ta,
tana sa irin zoben nan, sak.
Ban taɓa jin labarinta ba.
Da yaron daji ya shiga, ba jirgi ba,
da na rantse, da na yi kaffara.

Ɗanjuma ya bugo ɗazu.
An samu fayil, gara ta cinye rabin sunana.
Na ce a aiko da sauran,
ni ma rabin nake haɗawa a nan.