Allura Mai Lalube

Sai ƙarfe biyun dare nake kunna ta,
bayan tireloli sun gaji da titin Ikorodu,
danfon ƙarshe ya kwanta a Yaba,
don na'urar nan ba ta son motsi.
In Folahanmi ya yi tari a bayan ƙofa
sai tarin ya fito a hoto, tsauni guda.

Ba ta da ido.
Allura ce, tsininta ya fi silin gashi siranta sau dubbai,
tana tafe tana lalube, layi bayan layi,
kamar mai neman ɗan kunne a ɗaki mai duhu.
Hasken leza na zaune a gadon bayanta,
ta sunkuya ya kai rahoto, ta ɗago ya kai rahoto.

Jiya ƙwayoyin zinariya na auna,
ƙanana, har ƙura ta zama dutse a gefensu.
Ba su dame ni ba. Zinariya ba ta da uwa.

Yau jinin Mudassiru ne a kan gilashin,
ɗigo ɗaya, ya ba ni yana dariya,
ya ce, "Yaya, ki gaishe min da su."
Ga wata ƙwaya, zagayayya,
kamar gurasar da aka lotsa da yatsa.
Ga maƙwabciyarta ta lanƙwashe, ta zama lauje.
Na danna ta da tsinin, ta ƙi,
tauri kamar busasshiyar kuɓewa.
Irinta ce ke tokare masa jijiya
ya kwana yana cizon matashi a Idi-Araba.

Baba ya shekara talatin a kasuwar Mil Sha Biyu
yana danna tumatir da babban yatsa,
bai taɓa fasa ko ɗaya ba.
Ya san wanda zai kai gobe,
ya san wanda ba zai kai ba.
Ya ce, "Wai me kike yi a can har asuba?"
Na ce, "Aikinka, Baba."
Ya yi shiru, ya gyara zaman kwando.

Huɗu da rabi aka ɗauke wuta.
Janareta ya tashi, bene ya ɗauki rawa,
laujen ya watse a allo kamar tawadar da ruwa ya taɓa.
Na ɗage allurar kar ta karye,
daga nesa ta zo, kuma ukun nan ne suka rage mana.

Legas ta fara miƙa.
Lambar da na samu, na rubuta ta a bayan hannu,
na nemi motar Agege.