Inda Allura Ke Shiga Ja

A garejin Emrys, bayan garin Brecon,
inda ruwan sama ba ya sallama,
jar Midget ta shekara uku a kan jak.
Ya cire tsohon injinta mai tarin asuba,
ya dasa wani mai ƙarfi ninki biyu.
Sai da ya datse ƙarfe kafin bonet ya rufu.

Ranar gwaji Nerys na gefensa,
hularta a hannu saboda iska.
Sun wuce tumaki, sun wuce coci,
a hawan dutse allura ta fara jingina
har ta shiga ja.
Tururi ya turnuƙe gilashi.

Lagireton bai fi faifai ba,
ina zai iya da wannan wuta?

Ya sauya tiyo, ya ƙara fanka,
ya huda hancin motar,
abin da ya rantse ba zai yi ba.
Duk da haka, a kwana ta bakwai take tafasa.

Yanzu Nerys kan taho da shayi da bargo.
Ta ce: ƙyale ta ta huce.
Shekara arba'in kana ƙarƙashin mota,
sai yau na ga fuskarka da rana.