Kwalbar Ɗaki Na Huɗu

A Ankud ruwan sama ba ya sallama,
sauka yake kamar mai bin bashi.
Can ƙasan Chile, inda tsibiri ya juya wa teku ƙeya,
na yi shekara ashirin da shida ina riƙe wa Dakta Oyarzo tire.

Ramuka biyar ne gonarta, in ji ta:
biyu na ji, biyu na shaƙa, ɗaya na haɗiya da faɗa.
"Sauran jiki na bar wa manya,
ni ƙofofi aka ba ni gadi."

A kan kabad akwai kwalba.
Abin da ta ciro, ta wanke, ta jefa.
Ga ƙwayar wake daga hancin autan Mansilla,
ta sami duhu da laima har ta soma tsiro.
Ga ƙayar kifi, ta fi ɗari, don nan kowa masunci ne
kuma kowa na magana da loma a baki.
Ga batirin agogo, ƙarami kamar maɓalli;
ranar ce kaɗai na ga ta yi gudu a baranda.

Hannunta ba ya rawa.
Fitila a goshi, hantsaki tsakanin yatsa biyu,
takan ce wa yaro, "Ƙirga mini jiragen ruwan can,"
kafin ya kai bakwai an gama.
Uwar ce ke kuka.
Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa.

Baldomero mai nutso ya zo da jini a wuyan riga,
zurfi ya yaga masa dodon kunne.
Ta yanko 'yar tantani daga saman kunnensa
ta yi faci, kamar mai ɗinkin raga da zaren gizo.
"Wata uku, kada ka shiga ruwa."
Ya yi kunnen uwar shegu, 'ya'ya biyar na jiran tukunya.
Mako shida ya dawo yana dafa bango,
ƙasa na juya masa.
Ba ta yi faɗa ba. Ta sake ɗinkewa.
Jiki ai ya fi kunne ji.

Na san shirunta kala biyu.
Gajere, ƙwayoyi ne da ruwan gishiri.
Dogo, jirgin fito ne zuwa babban asibiti.
Ranar da Orfelina mai jan addu'a a coci
ta zo da murya dusasshiya tun damina,
aka zura siririn bututu mai haske ta hanci,
shirun ya yi tsawo
har na ji ɗigon rufi a bokiti.
Ta ajiye bututun, ta jawo kujera kusa:
"Kafin Alhamis, ki ɗaukar wa jikokinki muryarki.
Ki kira sunan kowa. Ki yi musu faɗa ma, in kina so."

Bara na tsaya a hagunta, na ce, "Dakta, shayi."
Sau uku.
Ta ci gaba da rubutu.
Da yamma na leƙo, na same ta ita kaɗai,
ta buga ƙarfen gwaji mai baki biyu a gwiwa,
ta dasa shi a tsakiyar goshinta.
Ta daɗe.
"Ya tafi dama," ta ce, ba ta waiwayo ba.
"Hagu ta rufe shago, Eliseo.
Mai gadi ma an shiga gidansa."

Ranar sallama ba ta ɗauki takardun bango ba.
Kwalbar ta miƙo mini.
Tana nan kusa da rediyo.
In dare ya yi, ruwa ya dame ni,
nakan girgiza ta a bakin kunne:
rabin garin nan ne a ciki,
suna kacau-kacau,
kowa ya koma gida yana numfashi.