Ɗaki Biyar, 'Ya'ya Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Aveiro.
Teku ya janye ruwansa daga magudanan gari,
kwalekwale sun kwanta kan laka kamar shanun da suka ƙoshi.
Ni kaɗai a hawa na uku, ni da kukan fanka,
ina jiran kwamfuta ta gaya mini
abin da kwalbar gabana ta faɗa tun la'asar.

Kobal ke nan. Gidansa ɗaki biyar,
'ya'yan lantarki bakwai a ciki.
In yana zaune shi kaɗai
ba ɗakin da ya ɗara wani tsayi.
Sai maƙwabta sun zo.

Ruwa shida suka kewaye shi,
gabas da yamma, kudu da arewa, bisa da ƙasa:
ɗaki uku suka nutse, biyu suka zama bene,
kwalba ta yi ruwan hoda.
Na ɗiga asid,
kulorin huɗu suka kori shidan,
gida ya kife, biyu ƙasa, uku bisa,
matakala ta gajarce,
sai ga shuɗi kamar an tsoma zane a baba.
Ƙarfen bai sauya ba ko da ƙwayar zarra.
Zama da maɗaukin kanwa ne.

Ɗan lantarki ba ya hawa sai ya haɗiyi haske
daidai tsawon matakalarsa.
Launin da ido ke gani ragowa ce,
abin da ya ci ya bari.

Mako uku ke nan ana gardama a kaina.
Dakta Leocádia ta ce in koma tsohon lissafi,
lamba uku da fensir sun wadatar,
ta faɗa tana goge tabarau da gefen riga.
Fausto ya ce a'a, a ƙara wa na'ura ɗakuna,
a ba ta kwana goma, za ta gane.
An ba ta. Ta ce matakalar ta fi haka tsawo.
Kwalba ta yi shiru, tana shuɗinta.
Ido ba mudu ba ne, in ji ni a zuci,
amma ba a rubuta wannan a kundin digiri.

Kakana Hermínio shekara arba'in da ɗaya
yana zanen tayil a masana'anta.
Da toka-toka yake zana jirgi da tsuntsu,
ba ya ganin shuɗin sai an buɗe tanderu.
Bai taɓa jin labarin ɗaki biyar ba.
Ya ce mini: Benvinda, wuta ce ke yanke hukunci,
ni dai hannu ne.

A layinsu gida shida ke kiran sunansa,
mai burodi, mai gyaran taru, gwauruwar da ke bin sa bashin gishiri,
shi kuwa kumatu jajur, bakinsa ba ya hutawa.
Bara aka kai shi gidan tsofaffi,
ɗaki mai gado huɗu.
Likita ta ce jininsa lafiya, zuciyarsa lafiya,
ba abin da ya ragu.
Na zauna gefensa ran Lahadi
ina neman inda mutumin ya shiga.

Uku saura kwata, allo ya motsa.
Lamba ta fito. Ta matso kusa,
da sauran rina a kaba.
Na rubuta ta yadda ta zo, ban rage mata komai ba,
na tura wa su biyun, gobe su ci gaba.

Na ɗaga kwalbar saitin fitila,
na ɗiga mata ruwan famfo, ɗigo, ɗigo, ɗigo,
har hodar ta fara dawowa daga gindi.
Motar farko ƙarfe shida da rabi take tashi.
Ko mai burodi zai yarda ya biyo ni?