Zare Mai Lamba

Ƙarfe biyun dare a Barnawa.
An ɗauke wuta tun magariba,
janareto na tari a bayan gida
kamar tsohon da ya ƙi shan magani.
Ni da allon kwamfuta, ido cikin ido.

Manhajar adashe na gina
wa matan Kasuwar Barci.
Zare goma sha biyu ke aiki a cikinta lokaci guda,
kowanne na karɓa, kowanne na rubutawa.
Jiya Hajiya Uwani ta zuba dubu biyar,
littafi ya ce dubu goma.
Shekaranjiya Kande ta zuba nata,
littafi ya ce bai san da zancen ba.
In na zuba ido, lafiya lau.
In na juya baya, ɓarna.
Ɓeran da ya san takun mai rumbu.

Na buɗe rahoton aiki:
na karɓa, na ajiye,
na karɓa, na karɓa, na ajiye.
Wa ya karɓa? Wa ya ajiye?
Murya goma sha biyu a baki ɗaya,
tashar Kawo da safiyar Litinin,
kowa na kira, ba ka san motar wa ce ba.

Baba ya fito da buta.
Shekara ashirin da biyu ya yi a masaƙar Kakuri
kafin a ja ƙofa, ciyawa ta gaji filin.
Har yau ƙurar auduga na kwana a ƙirjinsa.
Ya ce, me ya hana ki barci?
Na ce, zare ne ya harɗe, Baba,
amma ba irin naku ba.

Ya yi dariya har ta koma tari.
Ya ce, zare ai zare ne.
Namu dubu ne, farare tas,
kowanne kamar an tsaga kara da ɗan'uwansa.
In yadi ya fito da tabo
ba yadin ake tuhuma ba.
Alli muke sawa a jikin kwarkwaro,
mu bi lamba har gindinta.
Zaren da ba shi da suna
ba shi da laifi.

Ya wuce alwala.

Layi ɗaya na ƙara:
kowane zare ya faɗi lambarsa
kafin ya buɗe baki.
Na sake su.

Sai hayaniya ta zama shaida.
Na bakwai ya leƙa asusun Kande, ya ga dubu ashirin.
Bai kai ga rubutawa ba,
na tara ya leƙa, shi ma ya ga ashirin.
Na bakwai ya rubuta nasa.
Na tara ya rubuta a kansa.
Hannu biyu a akushi ɗaya,
loma guda ta faɗi tsakani.
Na Hajiya Uwani kuwa, na uku da na huɗu
suka ɗauki rasiti ɗaya, kowa ya ce shi ya tsinta.

Lamba ba ta gyara komai ba,
yatsa kawai ta nuna.
Ni na sa kwaɗo a ƙofar littafi,
mabuɗi ɗaya tak,
wanda ya shiga ya fito kafin wani ya sa ƙafa.
Sau dubu na gwada. Kobo bai motsa ba.

Can ƙasan rahoto na ga na bakwai ya gama, ya tafi,
an miƙa lambarsa ga wani sabo.
Ashe lambar ma aro ce.

An kira assalatu daga Unguwar Barde.
Na ce, Baba, kai ma kana da lamba a masaƙa?
Bai ko yi tunani ba:
dubu uku da ɗari da arba'in da biyu.
Ya gyara hularsa, ya ce,
tawa dai ba a ba kowa ba.

Janareto ya shanye mansa, ya yi shiru.